Kujerar Inna a Motar Baba

Tun da muka dawo daga Nijar ban huta ba. A majalisarmu ta bakin masallaci a nan Dutse, a ɗakin malamai, har a layin gidan mai, tambayoyin biyu ne. Wai da gaske tsohuwar motar nan ta je Dungas ta dawo da ƙafarta? Kuma wai ni da Baba me muka tattauna a hanya har kwana uku? Masu tambaya ta biyu sun san amsar, tsokana ce kawai. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tare ni in miƙa masa takarda.

Sai na fara da motar, don a gidanmu ita ake fara gaisarwa. Ƙirar Ingila ce, mai ƙofa huɗu, doguwar gaba, gajeriyar ƙasa, koriya shar mai duhu kamar ganyen mangwaro. Ta girme ni. Baba bakanike ne, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya. A bayan wani gida a Ringim ya tsince ta, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Shekara bakwai ya yi yana tayar da ita, ƙusa bayan ƙusa. Dukawa ya sa suka sake ɗinka kujerun da jar fata, yana shafa musu man kaɗanya duk Juma'a. Katakon gabanta kuwa da kakin zuma yake goge shi. Ban taɓa ganin ya shafa wa ƙafarsa mai da irin wannan kulawar ba. Sunanta Baturiya, kuma ba a cewa "motar" a gabansa.

Abu na biyu, ni ɗan fari ne. Baba mutumin da ne, kunyar ɗan fari a wajensa ba abin wasa ba ce. Shekarata arba'in da takwas, ina koyar da lissafi, ina da 'ya'ya huɗu, amma bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Ina yaro, ta bakin Inna saƙo yake iso ni. Da Baturiya ta tashi sai ta karɓi rabin aikin. Ina tsaye a gabansa zai dubi mota ya ce, "Baturiya, a gaya wa mutumin nan ya matsa, yana tare mini haske." Ni kuma in matsa. Ban taɓa jin haushi ba, haka na taso na gani.

Abu na uku, sitiyarin Baturiya a dama yake, don an ƙera ta tun ana tuƙi ta hannun hagu. A titinmu na yau, idan babbar mota tana gabanta, direba ba ya ganin abin da ke tahowa. Wanda ke kujerar hagu shi yake gani. Sama da shekara ashirin Inna ce a wannan kujerar. Duk kaka sukan je wajen ƙanwarta, Iya Hansai, a wani ƙauye kusa da Dungas. Shekara biyu ke nan da rasuwar Inna, Allah ya ji ƙanta, kuma tun daga nan Baturiya ba ta wuce masallaci da kasuwa ba.

Rikicin ya taso ne ran da Baba ya gogi wani mai adaidaita sahu a shataletale. Ba wanda ya ji ciwo, amma mai adaidaitan ya rantse ya yi ta danna hon har yatsansa ya gaji. Ƙanwata Rabi, wadda ma'aikaciyar jinya ce kuma muryarta tana isa unguwa uku, ta tara mu ta ce a karɓi makullin. Shekarar Baba saba'in da shida, in ji ta, ya isa a riƙa tuƙa shi. Baba ya saurara, ko dai mun zaci ya saurara, sannan ya ce zai kai Baturiya Dungas ya dawo. Idan ya dawo lafiya a bar masa makullinsa, idan ya gaza shi da kansa zai ajiye. Rabi ta yarda, da sharaɗin ni zan zauna a kujerar hagu, kuma abin da na faɗa shi ne hukunci.

"Yaya ne kaɗai ba za ka iya yi wa daɗin baki ba," in ji ta, "tunda ba ka yi masa magana."

Na san abin da makullin nan yake nufi. Tun da Inna ta rasu, shi ne dalilin da ya sa Baba yake tashi da safe ya sa hula.

Ranar Laraba muka tashi bayan an karya. A but akwai jarka biyu ta ruwa, galan na baƙin mai, akwatin sifanu, buhun shinkafa na Iya Hansai, da tsummokara wankakku guda goma sha biyu waɗanda ban gane amfaninsu ba sai daga baya. Kayana a cinyata na riƙe, don wuri ya ƙare. Baba ya yi bisimilla, ya murɗa makulli, ya danna wani ɗan maɓalli, Baturiya ta yi gyaran murya sau biyu ta kama. Ya bar ta tana ɗumi minti goma cif. Maƙwabta suka yi mana sallama, suka gaji da tsayuwa, suka sake yi mana sallama.

Kafin Kiyawa na koyi aikina na farko. Baturiya gajeriya ce, cikinta dab da ƙasa. Duk inda aka gina irin tudun nan na rage gudu a tsakiyar titi, sai Baba ya tsaya cak ya ce, "Baturiya, a rage mana nauyi." Nauyin ni ne. In fita, ya karkata ta ya haye a hankali, in bi ta a ƙafa in sake shiga. Mutanen Jahun suna son 'ya'yansu ƙwarai, don haka sun cika garinsu da tudu. Zan iya cewa rabin Jahun a ƙafa na ratsa shi, ina bin mota a baya da jaka a hannu, masu adaidaita suna tambayata ko direban ne ya kore ni.

A shingen farko ɗan sanda ya zo ta tagar hagu, kamar yadda ya saba, ya ce, "Malam, lasin."

"Ba ni nake tuƙi ba," na ce.

Ya dube ni irin kallon wanda ya sha jin ƙarya iri-iri amma bai taɓa jin wannan ba. Ya leƙo, ya ga cinyata da jaka, ya nemi sitiyari ya rasa. Sai ya hango shi can a hannun tsoho mai farin gemu. Ya kira abokan aikinsa su uku. Ba wanda ya sake tuna lasin. Ɗaya ya nemi ya ɗauki hoto, Baba ya yarda da sharaɗin kada ya jingina. Wannan ya faru sau biyar kafin iyaka, har na daina magana, da an zo sai in ɗaga hannuwana biyu sama. A wajen Gujungu kuma na ɗan runtsa, wata mai tallan gyaɗa ta ƙwalla ihu wai direba ya yi barci.

Daga Gujungu ne ainihin aikina ya fara. Muka tarar da wata tifa ɗauke da yashi, tana tafiya kamar mai ciwon baya. Na leƙa, hanya fayau. Yanzu ta yaya ɗan fari zai ba uba umarni? Na bi hanyar gidanmu, na dubi katakon gaba na ce, "Baturiya, babu komai, a wuce."

Shiru. Na ƙara murya. Shiru. Na ce wataƙila Baturiya ba ta karɓar saƙo daga ƙasa zuwa sama. Na cire kunya na ce, "Baba, hanya ta yi kyau." Idonsa na kan titi. Haka muka bi tifar nan har kusa da Gumel, babura suna wuce mu, har wani mai keke ya gwada. Da tifar ta ratse don kanta, Baba ya numfasa ya ce, "Baturiya, mota mai daraja ba ta tsere da 'yan yashi." Na ɗauka girman kai ne, don ba ya rasa shi.

A Gumel muka yi azahar, muka ci shinkafa da wake a wata rumfa, kowa da kwanonsa, kowa yana kallon gabas ɗinsa. Baturiya ta sha rabin jarka. Rabi ta kira.

"Yaya, ya ake ciki?"

"Lafiya lau. Ba mu wuce kowa ba."

"Alhamdulillahi," in ji ta, ta ɗauka yabo ne.

Tsakanin Gumel da Maigatari abin ya faru. Muna bayan wata babbar mota mai buhunan zoɓo. Na ga Baba ya gyara zama, ya sa hannu a giya. Na leƙa, ga bas tafe a guje, cike da mutane. Na ɗaga hannu na ce, "Kada a wuce! Baba, kada ka wuce!" Sai kawai ya fita.

Ban san yadda aka yi ba. Direban bas ya sauka gefen titi da ƙafa biyu, mai zoɓo ya taka birki, Baturiya ta kutsa ta tsakiya kamar zare a kafar allura. Na ga fuskar wata mata a tagar bas ɗin, har yau ina ganinta. Direban ya zuro hannu ya yi mana daƙuwa da duka yatsunsa biyar, kuma ya yi gaskiya. Da muka koma hannunmu, Baba ya ce, "Baturiya, direbobin yanzu ba su da tarbiyya." Amma bai sake gwada wuce kowa ba har iyaka.

Tsoro ya kama ni, bayansa kuma fushi. A raina na yanke hukunci tun a nan: na ce kada ya wuce, ya wuce, da rayukan mutane a gaba. Makulli ya tafi. Abin da ya rage shi ne yadda zan faɗa a gabansa.

A iyaka, ɓangarenmu ba a daɗe ba, hotuna ne suka fi cin lokaci. A ɓangaren Nijar wani matashin jandarma, irin 'yan sandansu, ya fara sara mana, sannan ya nemi takardu. Na lura da bambanci ɗaya. A wajenmu ana duba takarda ne a ga ko kana da ita. Su karantawa suke yi, layi-layi, har bayanta. Ya gama da na mota, ya buɗe babban littafi, ya dubi Baba.

"Tsoho, wa kake ɗauke da shi? Sunansa?"

Da yake ta tagar dama ya tsaya, Baba ya amsa nan take. "Ga shi nan zaune, yana da baki."

"Kai nake tambaya, kai ne mai mota."

"Ɗan gidanmu ne."

"Ɗanka ne?"

Baba ya dubi madubi, ya gyara shi, ko da yake daidai yake. Jandarman ya rufe littafi. A ganinsa ya kama wani abu: tsoho ya ɗauko ƙaton mutum daga wata ƙasa, bai san sunansa ba, bai san ɗan wa ne ba. Ya ce mu fito. Na miƙa katina, ya ce ba ni ya tambaya ba. Muna tsaye a rana sai babbansu ya fito daga rumfa, mai furfura, da kofin shayi a hannu. Ya ji bayani, ya dubi hancina, ya dubi hancin Baba.

"Ɗan fari ne?" ya tambaye ni.

Na ce e.

"Rubuta abin da ke katin," ya ce wa yaron nasa. "Ni ma tsohona har ya koma ga Allah 'wancan' yake ce mini. Ku sauka lafiya."

Bayan Dungas kwalta ta ƙare, yashi ya fara. Baturiya ta yi ƙoƙari, sannan ta zauna. Mutanen da ke girbin gero a gefen hanya suka taho da gudu za su tura. Nan na ga amfanin tsummokaran. Baba ya tare su, ya raba wa kowa ɗaya, ya nuna inda za a dafa da inda ba za a dafa ba. Wani ya kawo shawarar a ɗaura mata igiya shanun amalanke su ja, Baba ya yi kamar bai ji ba, kuma a lokacin na ɗauka yi ya yi. Haka muka shiga ƙauyen, maza goma suna tura mota da tsumma a hannu kamar masu sauke tukunya daga wuta. Wani dattijo ya cire hula, ya ce rabonsa da irin wannan tun zamanin kwamanda, lokacin mulkin Faransa.

Iya Hansai ta fito tana tafa hannu. Kamarta da Inna ta sa na sunkuyar da kai. Da yake ƙanwar mata ce, akwai wasa tsakaninta da Baba, kuma ba ta ɓata lokaci ba.

"Tsoho, har yanzu wannan gwangwanin bai kashe ka ba?"

"Ke ce dai gwangwani," in ji Baba, yana dariyar da rabona da ji tun kafin rasuwar Inna.

Aka sauke ni a zaure, da tabarma da gidan sauro. Baba ya ce a shimfiɗa masa a rumfar da aka ajiye Baturiya, wai iskar wajen ta fi. Abinci kuwa, an yi mana tuwon gero miyar kuka da man shanu, da wata fura da suke damawa da dabino da cuku, wadda idan ka sha kofi ɗaya ba ka sake tunanin duniya sai la'asar. Da safe aka kawo burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, kuma kusan taurinsu ɗaya. A hammata ake ɗauko shi, ba leda ba takarda. Shayinsu kuma ba irin namu ba ne da za ka kurɓa a tsaye ka wuce. Zagaye uku ne a ɗan ƙaramin kofi, kowane zagaye da dahuwarsa, kuma tashi kafin na uku rashin mutunci ne. Na lissafa, abin da na sha a awa biyu bai cika cokali goma ba.

Ranar Alhamis da hantsi Baba ya buɗe gaban Baturiya. Kafireto biyu gare ta, wato inda mai da iska suke haɗuwa, kuma dole su riƙa shaƙar iska daidai wa daida. Ba da na'ura ake daidaita su ba, da kunne ne. Yana da wani guntun tiyo baƙi, ya kafa baki ɗaya a kafireton, ɗaya a kunnensa, ya saurari hucin wannan, ya saurari na wancan, ya murɗa ƙusa har su zama murya ɗaya. A Dutse an san shi da wannan, har daga Kano an sha kawo masa tsofaffin motoci. Ran nan na ga ya daɗe. Ya sa a kunnen dama, ya cire, ya girgiza tiyon, ya busa shi, ya mayar. Daga ƙarshe ya ajiye shi ya dafa injin da tafin hannu.

Ina zaune da Iya Hansai a inuwar ɗakinta tana tsince zoɓo. Tun jiya na lura duk sanda za ta yi wa Baba magana sai ta zagaya ta damansa. Na ba ta labarin tifa, na ba ta labarin bas, na gaya mata hukuncin da na yanke. Ta ajiye faifai.

"Da baki ka gaya masa?"

"To da me zan gaya masa, Iya?"

"La ilaha illallahu. Ashe ba ku sani ba?" Ta rage murya. "Kunnensa na hagu ya fi shekara goma da mutuwa. Na daman ma saura kaɗan. Yayata, Innarku, ce ta rufa masa asiri, don ya ce bakanike marar kunne ya gama aiki. Ai ba magana take yi masa a mota ba. Hannunta na kan gwiwarsa tun daga Dutse har nan. Idan ta ɗan buga sau ɗaya, ya wuce. Idan ta danne, ya tsaya. Ina bayansu na sha gani. Da na tsokane ta, ta ce aiki take yi."

Na tuna hannun da na ɗaga kafin bas. Ta gefen ido ya gan shi, ya ɗauka izini ne. Ya yi awa guda a bayan tifa yana jiran alamar da ba ta zo ba, kuma ba zai iya tambayata ba.

Kunya ta rufe ni, ba irin ta ɗan fari ba, ta gaske. Gidana da nasa tafiyar minti goma ce. Kullum ina zuwa in durƙusa in gaishe shi, ya ɗaga kai ya amsa wa bango, in tashi. Mutumin da ba ka hira da shi, ta ina za ka san ba ya ji? Rabi kuwa ba ta gane ba don ita ko dutse ta yi wa magana sai ya ji.

"To ka san abin yi," in ji Iya Hansai, ta ɗauki faifanta.

Faɗa ya fi yi sauƙi. Ban tuna ranar da jikina ya taɓa na Baba ba. Ko musafaha ba ma yi.

Juma'a da sassafe muka juyo, aka sake raba tsummokara, jandarman nan ya sara mana har sau biyu. Jiya aka ci kasuwar dabbobi ta Maigatari, don haka hanyar Gumel cike take da tireloli masu shanu, kowace tana tafe tana zubar da abin da shanu suke zubarwa. Muka shiga bayan ɗaya. Baba ya gyara zama, bai fita ba. Ya daina yarda da ni, kuma ya daina yarda da kansa. Na ga yadda ya ƙanƙame sitiyari, na gane shi ma ya san hukuncin da ke jiransa a gida.

Na leƙa, hanya fayau har inda ido ya tsaya. Na ɗaga hannu, na mayar. Na sake ɗagawa, na sosa kunne da shi. Wata saniya a bayan tirelar tana kallona ta tsakanin katako. A karo na uku na yi bisimilla a zuci, na miƙa hannu, na bugi gwiwar mahaifina sau ɗaya.

Ya sandare. Na ɗauka zai tsaya ya sauke ni. Sai na ji ya sauke giya.

Masu tambayata me Baba ya gani a tsohuwar mota, ga amsarku. Kwana biyu ina cikinta ban san ta ba. Wata murya ta taso daga ƙarƙashin doguwar gaban nan, mai kauri, ba hayaniya, kujerar ta tura ni a baya, kan motar ya ɗan ɗaga, tirela mai tsawon gida uku ta koma baya kamar an ja ta da igiya. Kafin in sauke numfashi mun dawo hannunmu, ba girgiza, ba tangaɗi. Tsohon da na zo karɓe wa makulli ya yi wannan da yatsu uku.

A bayan tirela ta biyu mota na tahowa. Na danne gwiwar, ya tsaya. Ta wuce, na buga, ya fita. Hannuna bai sake barin wajen ba. Gwiwar duk ƙashi ce, ban san ya rame haka ba. Tireloli goma sha ɗaya muka wuce kafin Gumel, malamin lissafi ne ya ƙirga. Ba wanda ya dubi wani. Can ya ce, "Baturiya, iska tana shigar mini ido, a ɗaga gilashi." Gilashin a ɗage yake.

Bayan Gujungu injin ya fara ɗan tari. Ya ratse ƙarƙashin wata tsamiya, ya buɗe gaba, ya ɗauko tiyonsa. Ya tsaya yana jujjuya shi. Sannan, yana kallon injin, ya miƙo shi ta gefena.

"Baturiya, a saurara mana, wanne ya fi huci?"

Na kafa a kunne. Na gaba ya fi. Na nuna da yatsa, ya murɗa ƙusa kaɗan, na sake saurara, na sake nunawa. A karo na huɗu suka zama murya ɗaya, na gyaɗa kai. Ya karɓi tiyon, ya dube shi, ya buɗe ƙofar hagu ya sa shi a aljihun ƙofar. Da can a ta dama yake zama.

Mun shiga Dutse bayan la'asar, bayan na sake ratsa Jahun a ƙafa. Rabi da sauran ƙannena suna tsakar gida a kan tabarma, kamar masu jiran alƙali. Baba ya ajiye makullin a kan turmi, ya ɗauki tsumma ya koma wajen Baturiya a bakin zaure.

Na gaya musu zancen kunnen. Rabi ta dafe ƙirji, ta ce ita da take aikin asibiti. Na ce za ta kai shi a duba, ko akwai abin da za a sa masa. Na ce ba zai sake fita shi kaɗai ba, ko masallaci ne. Zancen bas ban yi shi ba, idan ta karanta wannan to ta ji.

"Makullin fa, Yaya?"

"Nasa ne. Motar ce ta mutum biyu, tun asali. Kujerar hagu tawa ce, duk inda za shi."

"Kai da ba kwa ko magana?"

"Ba ta taso ba," na ce.

Na ɗauki makullin na kai masa. Ba a miƙa wa Baba abu hannu da hannu, sai na ɗora a kan bonet, a kan tsumma. Bai juyo ba. Na dawo na zauna, Rabi ta zuba mini ruwa.

Wanda kunnensa ya yi nauyi bai san ƙarfin muryarsa ba. Baba ya sunkuya dab da fitilar Baturiya, yana gogewa, yana yi mata abin da a ganinsa raɗa ce. Har maƙwabta sun ji.

"Baturiya, kin ji hannun Nasiru? Sak na uwarsa. Sai dai ya fi ta tsoro."

Rabi ta toshe baki da mayafi. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa, don kada tsoho ya gane an ji. Shekara arba'in da takwas ina amsa sunan nan a bakin duniya, ban san haka yake ba sai ran nan.

Na tashi na ce bari in duba ko na kulle ƙofar hagu. A kulle take. Na daɗe ina dubawa.